Kafin a haɗa mana kirarin Ɗan Baskore a littafi, a ji abin da ya faru a Sikotilan

Malam Edita,

Assalamu alaikum, ya aiki, ya haƙuri da mu masu karatu. Ina biye da muhawarar da ake ta yi a jaridarku kan batun tattara kirari da waƙoƙin fada da labarun yaƙi a maida su littafi, har na ga wani ya ce kamata ya yi a samu gwani guda ya haɗa su duka su zama doguwar waƙar jarumtaka irin wadda Girkawa ke taƙama da ita, don yaranmu na lakwal su san mu ma muna da namu. Niyyar mai kyau ce wallahi, balle tun 2025 da anka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar dole a nemi abin da za a aza gaban yara. Amma wajen haɗawar nan nike jin tsoro, saboda an taɓa yin irin wanga aiki a Sikotilan sama da shekara 260 da sunka wuce, kuma har gobe in an ambaci sunan wanda ya yi shi sai an yi gardama.

Sunan mutumin James Macpherson. An haife shi a 1736 a wani ƙauye da ake kira Ruthven cikin duwatsun arewacin Sikotilan, inda mutane ke magana da yaren Gelik, ɗan uwan yaren mutanen Ailan, yaren da ba shi da kusanci da Ingilishi. Yana yaro ɗan shekara tara mutanen duwatsun sunka shiga tawaye a 1745 don maido wani gidan sarauta da anka kora, a 1746 sojan gwamnatin Landan ta murƙushe su a filin Culloden, daga nan anka bi su gida gida. Danginshi na cikin waɗanda sunka yi tawayen, an ƙone gidan shugaban danginsu, shi shugaban ya yi shekaru yana ɓoye cikin duwatsu. Anka hana su riƙe makami, anka hana maza sa tufafinsu na gargajiya, wagga doka ba a ɗage ta ba sai 1782. Turawan Ingila kuwa kallon ƴan ƙauye marasa wayewa suke musu. To ka ga irin idon da yaron ya tashi da shi. Ni dai duk sadda na karanta wanga wuri sai in tuna mu Katsinawan Maraɗi, da yadda kakanninmu sunka baro Birnin Katsina bayan jihadi sunka zo nan bakin Gulbi da Ɗan Kasawa wajen 1819, kuma mafi yawan abin da anka rubuta kan yaƙoƙin nan can wajen waɗanda sunka ci nasara anka rubuta shi da Larabci, namu ɓangaren yana bakin makaɗa da tsofaffi. Wanda anka ci da yaƙi kullum yana da ƙishin a ji nashi labarin, kuma ƙishin nan shi ke sa mutum ya sha duk ruwan da anka miƙo mishi.

Macpherson ya yi karatu a Aberdeen, ya koma ƙauyensu ya zama mushen lakwal, ya buga wata waƙa tashi da Ingilishi a 1758 ba wanda ya kula ta. A 1759 a wani gari Moffat ya haɗu da John Home, marubucin wasan kwaikwayo da ya yi suna a lokacin, shi kuma yana da sha'awar tsofaffin waƙoƙin mutanen duwatsu amma bai jin Gelik. Ya roƙi saurayin ya fassara mishi ko da guda. Macpherson ya ɗan yi nauyin jiki, daga baya ya kawo mishi wata kan mutuwar wani jarumi Oscar. Home ya ruɗe, ya kai wa manyan malaman Edinbara, cikinsu har da Hugh Blair wanda shi ma bai jin yaren ko kaɗan. A 1760 anka buga ɗan ƙaramin littafi na gutsattsarin waƙoƙi, Blair ya rubuta gabatarwa yana cewa akwai alamar wata babbar waƙar jarumtaka tana can cikin duwatsu ta ɓace, in an samu mai nema za a gano ta. Anka yi karo-karo anka ba Macpherson kuɗin tafiya.

Malam Edita duba wannan da kyau. Tun kafin yaron ya fita an riga an gaya mishi abin da zai samo. Manya sun sa kuɗinsu, sun ce akwai waƙa irin ta Homer, tsohon mawaƙin Girkawa, je ka kawo. Saurayi ɗan shekara 23 ko 24 wanda bai da komi, ka ce ya dawo ya ce musu ranku ya daɗe ban samu ba, sai ƴan gajerun waƙoƙi da tsofaffi ke rerawa bakin wuta? Ai da wuya. Ni a ganina rabin laifin na Blair ne da abokanshi, amma su tarihi ya bar su da rawaninsu.

Kuma ya yi tafiyar da gaske, wannan ba ƙarya ba ce. A 1760 da 1761 ya zaga duwatsun da tsibirai irin su Skye da Uist da Mull, ya zauna da masu waƙa, shi da abokan tafiyarshi sunka rubuta abin da sunka ji, ya karɓo tsofaffin rubuce-rubuce har daga gidan MacMhuirich, wani gida da sunka gaji waƙar fada kaka da kakanni na ɗaruruwan shekaru, kamar dai gidajen makaɗan sarki da muke da su. A ƙarshen 1761 ya fito da Fingal, waƙa mai kashi 6, a 1763 ya ƙara da Temora mai kashi 8. Ya ce duka wani makahon tsoho ne mai suna Ossian ɗan sarki Fingal ya yi su tun ƙarni na 3, shi aikinshi fassara kawai. Labarin Fingal shi ne wani sarki Swaran ya taso daga ƙasashen arewa ta teku ya faɗa wa Ailan, jarumin can ya kasa, sai Fingal ya tsallako daga Sikotilan ya cece su, ya kama Swaran kuma ya sake shi cikin mutunci. Ga hazo, ga wata, ga fatalwar jarumai na yawo cikin gajimare, ga tsoho na kukan duk sa'o'inshi sun mutu sun bar shi.

Abin ya kama Turai kamar wutar daji. Lokacin ne ake shiga zamanin da suke kira na Romantik, wato mutane sun gaji da rubutun ƙa'ida da lissafi irin na fadar Faransa, suna neman abin da ke taɓa zuciya, tsofaffin abubuwa, waƙar talaka, daji da kaɗaici. Cesarotti ya maida shi Italiyanci tun 1763, Le Tourneur ya yi na Faransanci a 1777. A Jamus Herder ya rubuta a kai, Goethe kuma ya fassara wani yanki mai tsawo ya sa cikin littafinshi na Werther a 1774. Thomas Jefferson wanda daga baya ya zama shugaban Amurka ya rubuta wasiƙa a 1773 yana neman a samo mishi asalin waƙoƙin da Gelik, wai zai koyi yaren don su. Napoleon kuwa ba a magana, ya so littafin sosai, har manyan masu zane irin su Girodet da Gérard da Ingres sunka zana mishi hotunan Ossian. Sunaye irin su Oscar da Selma da Malvina ta nan sunka bazu a Turai, ɗan Bernadotte, wani janar na Faransa, da anka haifa a 1799 anka sa mishi Oscar shi ne ya zama sarkin Suwidin a 1844. Ka ji fa, har sunan sarki.

To amma tun da fari akwai masu cewa a dakata. Na farko malaman Ailan irin su Charles O'Conor, don su sun san labarun nan sarai, Fingal ai Fionn ɗinsu ne, Ossian kuma Oisín, suna da su a tsofaffin littattafansu, kuma sun ga Macpherson ya kwashe jaruman ya maida su ƴan Sikotilan, sannan ya haɗa jaruman da a gargajiya ba zamaninsu ɗaya ba ya sa su cikin yaƙi guda. Kamar a ce wani ya rubuta cewa Bayajida da Ƙaura Hasau, jarumin Maraɗi na ƙarni na 19, sun fita yaƙi tare, duk Bamaraɗe zai yi dariya. David Hume masanin falsafa ma, ɗan Sikotilan ne kuma da fari ya yi murna da abin, amma a 1763 ya rubuta wa Blair ya ce a kawo hujja, a nemo mutanen da za su rera waƙoƙin nan da Gelik a gwada da abin da ke cikin littafin.

Wanda ya fi tada ƙura shi ne Samuel Johnson, babban malamin Ingilishi mai ƙamus. An taɓa tambayarshi ko yana ganin akwai mutumin wanga zamani da zai iya rubuta irin waɗannan waƙoƙi, ya ce ƙwarai, maza da yawa, mata da yawa, har yara da yawa. A 1773 ya zaga tsibiran da abokinshi Boswell, a 1775 ya buga labarin tafiyar ya ce waƙoƙin ba su taɓa kasancewa a wata siffa ba in ba wadda Macpherson ya ba su ba, in akwai asalin rubutun a fito da shi. Macpherson ya fusata ya aika mishi da barazana. Johnson tsoho mai shekara 65 ya maida amsa cewa barazanar ɗan iska ba za ta hana shi tona abin da yake ganin zamba ce ba, ya nemi ƙatuwar gora ta itacen oak mai kan ƙulli ya aje kusa da shi. Ni abin har dariya yake ba ni, manyan malamai biyu a Landan, magana kan waƙa ta kai ga kulki.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba, kuma wanga wuri ne ya sa na ɗauki waya nike wannan dogon rubutu. Johnson ya yi gaskiya kan Macpherson amma ya yi kuskure babba kan mutanen Gelik. Ya ce yarensu bai da wani rubutu da ya kai shekara 100, kuma mutanen da ba su rubutu ba za su iya riƙe doguwar waƙa a ka ba. Duka biyun ba haka ba ne. Akwai wani kundi da ake kira littafin Limamin Lismore, an tattara shi tsakanin 1512 da 1542, cike yake da waƙoƙin Fionn da Oisín, kuma abin mamaki ta hannun Macpherson ɗin nan kundin ya bi ya tsira, yau yana babban ɗakin karatu na ƙasa a Edinbara. Wato mutumin yana riƙe da hujjar da za ta rufe bakin Johnson kan batun rubutu, amma bai iya baje ta a fili yadda kowa zai gwada ba, don duk wanda ya gwada zai ga abin da ke ciki daban, abin da ya buga daban. Mai buga mishi littafi ya yi shela cewa an taɓa aje takardun asali a shagonshi na wasu watanni ba wanda ya zo dubawa, amma wannan bai kashe maganar ba. Ya zauna da fushi da girman kai har ya mutu.

Me ke cikin waƙoƙin na gaske? Gajeru ne, masu amsa-amo, ana rera su da dare lokacin sanyi a gidan da ƴan ƙauye ke taruwa hira. A cikinsu Oisín tsoho ne da ya yi tsawon rai har ya riski Patrick, waliyyin da ya kawo addinin Kirista Ailan, suna ta cacar baki, Patrick na ce mishi ubanka Fionn da mutanenshi suna wuta, tsohon na cewa in dai babu farauta da karnuka a aljannarku to a bar shi da mutanenshi. Akwai barkwanci, akwai dodanni, akwai wata mummunar tsohuwa da ke fitowa daga teku, akwai tsafi da zagi da kishi. Macpherson ya share duk wannan. Ya cire Patrick, ya cire dariyar, ya cire dodannin, ya mayar da jaruman masu ladabi da saurin hawaye irin yadda ƴan bokon Edinbara ke son su gani, ya rubuta da wani salo mai kama da na Baibul ɗin Ingilishi. Wato ya ji kunyar kakanninshi yadda suke, sai ya yi musu wanka ya sa musu kwat kafin ya fito da su gaban baƙi. Wannan ya fi ƙaryar kwanan wata ciwo a wurina.

Bayan ya mutu a 1796, kuma ya mutu da arziki fa, ya yi wa gwamnati aikin rubutu, ya zama wakilin wani sarkin Indiya a Landan, ya shiga majalisa tun 1780, an binne shi a Westminster inda ake binne manyan Ingila, cikin coci ɗaya da Johnson, sai wata ƙungiyar mutanen duwatsu ta kafa kwamiti ƙarƙashin Henry Mackenzie. Sunka aika da tambayoyi ga limaman coci da tsofaffi, sunka tattara shaidu, a 1805 sunka fitar da rahoto. Sun ce waƙoƙin Fingal da Ossian akwai su da yawa a bakin mutane, amma ba su samu ko guda da ta yi daidai da abin da ya buga ba, ga alama yana cike giɓi, yana haɗa gutsattsari, yana ƙari yana ragi yadda ya ga dama. Cikin shaidun akwai wani daga zuriyar gidan MacMhuirich, shi bai iya karatu ba, ya ce yana tune da ubanshi ya ba Macpherson wani littafi, sauran fatun da anka yi rubutu a kansu kuwa ya ga teloli na yanka su suna yin abin awo. Wallahi da na karanta wannan sai da na aje littafin na yi shiru, don na san gidaje nan garin da gara da ruwan sama sunka cinye takardun ajami cikin adaka, balle abin da ambaliyar 1945 ta tafi da shi sadda tsohon gari ya nutse anka hauro tudu. A shekarar 1805 ɗin dai Malcolm Laing ya buga nashi bugun yana nuna layi layi inda Macpherson ya ɗebo daga Homer da Milton da Baibul. A 1807 anka buga wai asalin waƙoƙin da Gelik, bayan ƴan Sikotilan mazauna Indiya sun tara fam 1000 tun shekarun 1780 don a yi hakan, sai masana yaren sunka gano yawancinshi daga Ingilishin anka maido shi. Sai a 1952 Derick Thomson, wanda Gelik ne yarenshi na gida, ya zauna ya bi diddigi ya nuna waƙoƙin gargajiya 14 ko 15 da Macpherson ya yi aiki da su da gaske, Fingal na da ƙashin gaskiya a ciki, Temora kuwa kusan duk nashi ne.

To wa ya yi asara? Shi dai ya ci ribarshi. Tsofaffin nan masu waƙar gaske su anka bari da tabo, don an daɗe in an ce tsohuwar waƙar Gelik sai a yi murmushi a ce irin ta Macpherson ko. Kuma shekarun da ya kamata a yi ana rubuta abin da ke bakinsu an ɓata su wajen gardama kan littafin mutum ɗaya, sai wajen 1860 zuwa 1872 John Francis Campbell ya yi aikin yadda ya kamata, yana rubuta sunan wanda ya ba da labari da garinsu, lokacin an riga an kwashe mutane da yawa daga duwatsun an zuba tumaki a gonakinsu, wasu sun tafi Kanada da abin da ke kansu.

Kada wani ya ce halin Turawa ne. A zamanin an yi su da yawa, yaron nan Chatterton na Bristol da ya ƙirƙiri wani limami na ƙarni na 15 ya mutu a 1770 yana ɗan shekara 17, da Hanka na ƙasar Cek da ya fito da wasu takardun jabu na wai tsofaffin waƙoƙinsu a 1817 sai a 1886 anka tona da ƙyar don mutane sun maida su abin alfaharin ƙasa. Amma mu ma muna da namu. Duk ɗalibin adabin Larabci ya san zargin da anka yi wa Hammadur Rawiya da Khalaful Ahmar na ƙirƙirar baitoci su jingina wa mawaƙan Jahiliyya, Ibn Sallam ya yi maganar tun da daɗewa, Taha Husain ya sake tada ta a Masar a 1926 har ta kai shi gaban mai gabatar da ƙara. Nan kusa da mu kuma ga Tarikhul Fattash na Tumbutu da anka buga a Faransa a 1913 ana jingina shi ga Mahmud Ka'ti, a ciki akwai wurin da anka ce an yi wa Askiya Muhammadu sarkin Songhai bushara da wani halifa na 12 mai suna Ahmadu da zai fito a Masina. Masanin tarihi Levtzion ya nuna a 1971 cewa cusa wannan anka yi a ƙarni na 19, Mauro Nobili kuma a 2020 ya nuna aikin Nuhu ɗan Tahir ne, malamin Shehu Ahmadu Lobbo na Hamdallahi, ya ɗauki wani tarihi na ƙarni na 17 ya sake mishi fasali don ƙarfafa mulkin maigidanshi. Yau kuma ba sai an wahala da tawada ba, kullum a WhatsApp sai ka ga an turo wai wasiyyar wani waliyyi ko baitocin da wani Shehu ya yi kan abin da zai faru bana, ba sunan littafi ba sunan wanda ya ji, a ƙasa an rubuta tura wa mutum goma.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mu ne ya kamata mu fi kowa sanin maganin wanga ciwo. Yaron makarantar allo da ya fara Arba'una ya san ba a karɓar hadisi sai an ce wane ya ji daga wane, malamai sun rubuta littattafai sukutum kan hadisan ƙarya kaɗai. Amma da an zo kan tarihin garinmu sai mu watsar da wannan tarbiyya, kowa ya faɗi son ranshi.

Na taɓa zama wajen da wani ɗalibi ke ɗaukar muryar wani tsohon maroƙi da waya, a zaure, tsohon na kan buzu da goro a baki. Ya yi kirarin wani basarake da safe, bayan la'asar anka ce ya maimaita sai ya zo da shi da bambanci, ya ƙara wasu layuka ya bar wasu, akwai ma wani layi na zambo mai ɗan nauyi da ya sa matan da ke leƙe ta bayan asabari sunka fashe da dariya. Da yaron ya kawo mini abin da ya buga a kwamfuta sai na ga ya haɗe biyun sun zama ɗaya, zambon ya ɓace, wasu tsofaffin kalmomi da bai gane ba ya musanya su da na rediyo, ya kuma ƙara layi biyu nashi wai don ma'ana ta fito. Na ce ina muryar? Ya ce memori ya cika ya goge. Yaron kirki ne, bai nufin zamba, so yake abin ya yi kyau a gaban malaminshi. Macpherson ma haka ya fara.

Ban ce kada a ƙara ko a gyara ba. Maroƙi kanshi yana ƙari, kowane makaɗi yana aza nashi bisa na ubanshi, haka abin yake rayuwa, kuma duk mai sauraro ya san haka. In marubuci na son ya ɗauki labarun Ɗan Baskore, tsohon sarkinmu na Maraɗi, da Ƙaura Hasau ya gina doguwar waƙa tashi, bismilla, ni zan fara saye. Lönnrot na ƙasar Finlan haka ya yi da Kalevala a 1835 da 1849, ya haɗa waƙoƙin ƙauye ya ƙara nashi, amma takardun da ya rubuta a bakin mawaƙan suna nan aje, kowa na iya zuwa ya ga inda gargajiya ta tsaya da inda hannunshi ya shiga, shi ya sa ba a kiran shi ɗan zamba. Tela in ya haɗa tsohon saƙi da sabon yadi ya ɗinka riga mai kyau ba wanda zai zarge shi, sai ran da ya rantse cewa rigar kakanka ce haka ya same ta. Da Macpherson ya rubuta a bangon littafin cewa ga waƙar da na gina bisa abin da na ji wajen tsofaffinmu, da yau ana lissafa shi cikin manyan mawaƙan ƙarninshi ba gardama, don mutumin da ya motsa Goethe ba ƙaramin gwani ba ne.

Haka kuma kada tsoron ƙarya ya sa mu zama Johnson. Akwai ƴan bokonmu da in ka kawo abin da tsoho ya faɗi sai su ce ina takarda, in ba Bature ya rubuta ba to tatsuniya ce. Wannan ma rashin adalci ne, kuma shi ke tura mutane su ƙirƙiro takardar.

Saboda haka Malam Edita ga roƙona gare ku, tunda ku ke da shafi. Duk wanda ya aiko muku da kirari ko waƙar da ya ce tsohuwa ce, ku tambaye shi wajen wa ya ji, a wane gari, yaushe, shi mai faɗin wajen wa ya gada, kuma ina muryar da anka ɗauka. In ya samu siga biyu ku buga biyun, kada a zaɓi mai kyau a jefar da ɗayar. Kalmar da ba a gane ba a bar ta yadda take, wataƙila wani a Tsibiri ko Tasawa ko Madarunfa ya san ta. Zambo da batsa in ba za su shiga littafin yara ba to a faɗi cewa an cire, a aje cikakken a wani wuri. Muna da wuraren ajiya ai, ga cibiyoyin bincike na IRSH da CELHTO a Yamai da sunka daɗe kan wanga aiki, ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo nan gida, a riƙa kai musu kwafin muryoyin maimakon a bar su cikin wayar da gobe za a sayar a kasuwa. Kuma tsohon da ya ba da abin a rubuta sunanshi in ya yarda, a ba shi ɗan na goro mai kauri, don na ga ana zuwa da mota a kwashi ilimin mutum a bar mishi jika ɗaya.

Na yi tsawo, a yi haƙuri, in shafi ya yi kaɗan ku raba shi biyu amma don Allah kada a yanke wajen rahoton 1805 ɗin nan. A gaida ma'aikata duka.

Wassalam,
Mai karatunku, tsohon mushen lakwal daga Maraɗi